Tambaya kan tsarin abin hannu na fata mai zagaye uku: tsawo, irin fata da maɗauri

Maman Hanifa, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin fata da ke cikin wannan zaure, musamman dukawa da waɗanda suka daɗe suna sayar da kayan ado. Sana'ata ita ce shirya duwatsun kwalliya, wato sarƙoƙin wuya da 'yan kunne da jigida, amma a 'yan watannin nan masu saye suna yawan turo mini hoton wani abin hannu na fata wanda ake naɗawa a wuyan hannu sau uku ko sau biyar kafin a ɗaure shi, ta yadda mai kallo zai ɗauka awarwaro da yawa aka jera alhali guda ɗaya ne. Iri biyu nake gani a hotunan. Na farko zirin fata ne mai faɗi kaɗan, babu komai a jikinsa sai maɗauri da 'yan ƙusoshin ado. Na biyu kuwa igiyoyin fata biyu ne suke tafiya tare, an jera duwatsu a tsakaninsu, an ɗinke su da zare tun daga farko har ƙarshe.

Na gwada yin nau'i na biyu da jar fatar da na saya a kasuwa, kuma abubuwa uku suka tsaya mini. Na auna wuyan hannun mai saye ya ba ni santimita 16, na ninka sau uku na yanka, amma da aka zo ɗaurawa sai bakin bai haɗu ba. Wani da na ƙara masa tsawo ya zauna daidai a ranar farko, bayan mako guda kuma ya saki har yana zamowa kan tafin hannu. Sannan wata baiwar Allah ta dawo mini da nata saboda jan launin ya zuba a hannun farar rigarta bayan ta yi gumi.

Ina roƙon a bayyana mini yadda ake lissafa tsawon, da irin fatar da ta dace da wannan aiki, da kuma maɗaurin da mace za ta iya kwancewa da hannu ɗaya, domin yawancin masu sayen kayana suna cire shi ne duk lokacin da za su yi alwala. Allah ya saka da alheri.

Baba Baduku, Kano

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsala ta biyu da kika ambata, wato sakin da abin ya yi bayan mako guda, ita zan fara ɗauka, domin daga wurin zaɓen fata da yankanta take tasowa, kuma duk lissafin tsawon da za ki yi ba zai amfane ki ba matuƙar igiyar tana ci gaba da miƙewa a hannun mai ita.

Ina kyautata zaton fatar tunkiya aka sayar miki. Tana da laushi da daɗin taɓawa, tana kuma karɓar rini da kyau, shi ya sa wanda bai saba ba yake saurin ɗaukarta, amma ba ta da ƙwari, kuma fuskarta takan rabu da naman da ke ƙarƙashinta idan aka yi ta lanƙwasawa. Abin da ya dace da aikinki shi ne fatar akuya, musamman ta jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Siririya ce amma a matse take. Idan kin je saye, ki kama gefen fatar da yatsun hannu biyu ki ja a hankali: ta tunkiya za ta biyo ki kamar roba, fuskarta ta yi 'yan ƙananan tattara, ta akuya kuwa za ta ɗan motsa ta tsaya. Idan kina da hanyar zuwa Kano, majemar da ke Ƙofar Wambai da rumfunan dukawa na Kasuwar Kurmi za su ba ki damar taɓa iri-iri ki gwada da hannunki kafin ki biya.

Ko a jikin fatar akuya ɗaya ma ba ko'ina ne ake yanka igiya ba. Wurin da ya fi ƙarfi shi ne gadon baya, daga wuya zuwa gindin wutsiya, kuma a bi tsawon bayan ake yanka, ba a gicciye ba. Fatar ciki da ta hammata sakakkiya ce, a bar ta don shafi ko ƙananan tuntaye. Zirin da zai zagaya hannu sau uku yakan fita daga gadon bayan akuya babba ba tare da haɗi ba. Amma nau'in da kike yi, mai duwatsu a tsakiya, igiya ɗaya ce ake ninkawa biyu, don haka tsawonta ya zarce na akuyar gaba ɗaya. A nan sai a fitar da faifai daga tsakiyar bayan, a riƙa yanka shi a kewaye daga baki ana shiga ciki, har faifan ya ƙare ya zama doguwar igiya guda. Sai dai igiyar da aka yanka ta wannan hanya ta ratsa fatar ta kowace fuska, wani wurin mai tauri wani wurin mai saki, saboda haka dole ne a cire mata miƙewar tun kafin a ɗora mata dutse ko ɗaya. Ki jiƙa ta da ruwa kaɗan, kada ta yi sharkaf, ki ɗaura bakinta a ƙusa, ki rataya mata wani abu mai ɗan nauyi a ɗaya bakin, ki bar ta ta kwana a inuwa. Da safe za ki tarar ta ƙara tsawo ta kuma rage kauri, to wannan miƙewar ita ce da za ta faru a hannun mai saye. Bayan haka ki shimfiɗa ta a kan allo ki murza ta da wani katako mai santsi har kusurwoyinta su kwanta ta zama kamar tsirkiya.

Game da tsawo, ni ban saba da ninka lamba ba. Hannun mutum ba sanda ba ne da kaurinsa yake ɗaya: zagaye na farko yana zama a kan ƙashin wuyan hannu, na biyu da na uku kuwa suna hawa sama inda naman ya fi yawa. Abin da nake yi shi ne in ɗauki igiya mai kauri irin na abin da zan ɗinka, in naɗa ta a hannun mai shi yadda zai sa ta, in tabbatar ɗan yatsa yana iya shiga ƙarƙashinta, sannan in yi alama in auna.

Maɗauri kuwa, babu wanda ya kai maɓalli da ƙulli sauƙi da daɗewa. A wurin da kika ninka igiyar biyu ki zura maɓalli mai ido a bayansa, a ɗaya ƙarshen kuma ki yi ƙulli, ki bar tazara, wato ƙofar da maɓallin zai shiga da ɗan ƙyar, ki sake yin wani ƙullin, ki maimaita haka sau biyu ko uku. Ta haka abin hannu ɗaya zai yi wa mai siririn hannu da mai kauri, kuma idan fatar ta ɗan saki bayan shekara, sai mai ita ta koma ƙofar da ke ciki.

Akwai wata shawara da ba ki tambaya ba. Mu da muka taso muna ganin ana ɗinka kambu da layu mun san yadda idon mutanenmu yake karanta fata a jikin mutum. Kada ki yi wani kumburi da aka lulluɓe da fata aka ɗinke a tsakiyar abin hannun, ko da don ado ne, domin za a ce laya ce, kuma akwai masu saye da yawa da za su guje shi saboda wannan kaɗai.

Malam Habu, Samaru

Ina gaida Baba, kuma bayaninsa kan yanka da miƙar da igiya ba ya buƙatar ƙari. Ni ɓangaren jima da rini na karanta, don haka zan taɓa batun zubar launi, sannan in ba Malama lissafin da za ta yi amfani da shi idan mai saye yana nesa, ba a samu damar naɗa masa igiya a hannu ba.

Dalilin da ya sa santimita 48 bai isa ba shi ne duwatsun ba a kan fatar hannu tsakiyarsu take ba, tana sama da ita da rabin kaurin dutsen, kuma da'irar da ta fi nisa daga tsakiya ta fi tsawo. Dutse mai kaurin milimita 4 yana ƙara kusan santimita 1.3 a kowane zagaye, mai milimita 6 kuwa yana ƙara kusan santimita 1.9. A kan wannan sai a ƙara kamar santimita 1 na sararin motsi a kowane zagaye. Ke nan hannu mai santimita 16 da dutse mai milimita 4 yana buƙatar kusan santimita 55 daga maɓalli zuwa ƙofar farko, ban da sauran ƙofofin da Baba ya ambata. Igiyar da za a yanka kuwa ninki biyu ce ta wannan, tare da rarar da ƙulle-ƙullen za su ci, kuma gara a yanke saura a ƙarshe da a nemi ƙari.

Fatar da ke kasuwa iri biyu ce ta fuskar jima. Akwai wadda aka jeme da bagaruwa kamar yadda majemanmu suke yi tun kaka da kakanni, akwai kuma ta masana'anta wadda aka jeme da gishirin kuromiyam, wadda idan aka yanka ta sau da yawa akan ga cikinta ya yi launin toka mai ɗan shuɗi. Ta masana'anta ta fi jure ruwa, launinta kuma ya fi zama, amma wasu mutane fatar jikinsu ba ta shiri da ita, takan sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje idan gumi ya jiƙa ta. Saboda haka ne Tarayyar Turai, tun daga watan Mayu na 2015, ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kuromiyam mai cutarwa da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ga abin da zai wuni manne da wuyan hannu a zafin Zariya, ni na fi karkata ga ta bagaruwa.

Ita kuma ta bagaruwa tana da halinta da ya kamata a sani. Sinadarin da ke cikin bagaruwa yana yin baƙi da zarar ya haɗu da ƙarfe da danshi, kuma wannan ne sirrin kuloko da dukawa suke zana baƙin layi da shi a kan jar fata. Ma'anar wannan ga aikinki ita ce, duk ƙusa ko maɓalli na baƙin ƙarfe da kika sa, ko da an shafe shi da ruwan zinari, ranar da shafen ya goge zai bar baƙin tabo a kewayensa wanda ba ya fita. Tagulla ba ta yin wannan baƙin, amma tana fitar da wani koren datti mai danƙo idan fatar ta sha mai da yawa. Don haka ina ba da shawarar a sassauta hannu wajen shafa man kaɗanya: ɗan kaɗan a tsumma ya isa ya hana fatar tsagewa lokacin hunturu, fiye da haka kuma zai duhunta launin ya jawo ƙura.

Jan launin da ya ɓata rigar nan, mai yiwuwa rini ne da ya zauna a saman fatar bai shiga ciki ba, ko na karan dafi ne ko na garin kanti. Kafin ki sayi fata, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a bayanta da fuskarta da ɗan ƙarfi. Idan ƙyallen ya yi ja sosai, ki bar ta. Wadda ta ɗan bar alama kaɗan ana iya gyara ta: a yi ta goge igiyar da busasshen tsumma har ya daina ɗaukar launi, sannan a murza mata kakin zuma a sake gogewa. Wannan yana ragewa ƙwarai, amma ba ya mayar da fata abin shiga ruwa, don haka ki riƙa gaya wa masu saye su cire kafin wanka da wanke-wanke, kuma idan ta jiƙe a bar ta ta bushe a inuwa, kada a kai ta rana ko bakin murhu.

Hajiya Mai Kwalliya, Yamai

Sannunku da ƙoƙari, Baba da Malam. Ni ba baduku ba ce, mai saye da sayarwa ce, kuma baƙi masu zuwa kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata a nan Yamai sun koya mini abin da ke fita da abin da ke kwana a rumfa. Zan ɗan saɓa wa Baba a wuri ɗaya, tare da girmamawa. Igiyar da aka yanka da hannu ta fi kyau ga nau'in ziri ko na kitso, inda ɗan bambancin kauri yake ƙara wa abin armashi. Amma nau'in duwatsu a tsakiya yana son igiya mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin duk inda ta sirance, layin duwatsun zai karkace, kuma a zagaye uku da ke kwance kusa da juna karkacewar tana fitowa fili. Idan hannunki bai riga ya faɗa da yanka ba, 'yar'uwa, ki ba baduku ya yanka miki, ko ki fara da igiyar fata ta kanti mai milimita ɗaya da rabi ga dutse mai milimita 4, mai milimita 2 kuma ga dutse mai milimita 6.

Wannan salon na duwatsu tsakanin igiya biyu ya yi suna ne a Amurka ta hannun Chan Luu, wata mai tsara kayan ado 'yar asalin Biyetnam, kuma yawancin hotunan da ake turo miki kwaikwayon aikinta ne. Ba na ganin hikima a yi gasa da masu kwaikwayon, tunda kayansu sun cika intanet da araha. Abin da baƙo ba zai samu a wani wuri ba shi ne jar fatarmu da duwatsun gilas na Bida, ko maɓallin azurfa na maƙeran Agadas. Sai dai duwatsun da aka yi da hannu girmansu ba ɗaya ba ne, kuma bakin hujin wasu yana da kaifi, yana cin zare a hankali. Ki zauna ki tace su tukuna, masu girma ɗaya a wuri ɗaya, ƙananan kuma ki ajiye su don farko da ƙarshe, saboda igiyoyin biyu su buɗe a hankali daga ƙulli su kuma rufe a hankali, maimakon babban dutse ya tsaya kai tsaye bayan ƙulli ya bar rami.

Wajen jera launi, mutane da yawa suna raba abin kashi uku daidai, kowane zagaye da launinsa, suna zaton mahaɗar za ta ɓoye a ƙarƙashin hannu. Hakan yana faruwa ne kawai a hannun da aka auna. A hannun da ya fi shi siriri ko kauri, mahaɗar takan faɗo a sama inda kowa zai gani. Ya fi aminci a sa launin ya riƙa sauyawa a hankali, ko a maimaita gajeren tsari guda har ƙarshe. Kuma ki tsaya a zagaye uku tukuna. Mai biyar yana cin lokaci da duwatsu kusan ninki biyu, yana da zafi a hannu, kuma macen da za ta warware shi sau biyar a yini za ta gaji ta jefa shi cikin akwati.

Maɗaurin maganaɗisu da ake yayi yanzu yana da saurin sawa, amma yana buɗewa idan mayafi ya ja shi, kuma gam kaɗai ke riƙe fatar a cikinsa. Masu araha daga cikinsu kan ƙunshi wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda yake sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi. Maɓallin Baba ya fi.

Maman Hanifa, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da buɗi. Na gwada gwajin farin ƙyallen a kan ragowar fatar da ke wurina, kuma ya yi ja nan take, na kuma ja gefenta ta biyo ni kamar yadda Baba ya kwatanta. Saura tambaya ɗaya. Wane irin zare ya dace da ɗinkin duwatsun, kuma yaya ake yi idan ya ƙare a tsakiyar aiki, tunda ba na son ƙulli ya fito inda za a gani ko ya riƙa sukar hannu?

Baba Baduku, Kano

Hajiya ta yi gaskiya kan kaurin igiya, na karɓi gyaran. Zaren auduga na ɗinkin tufafi ba zai yi ba, 'yata, gumi yana ruɓar da shi. Ki nemi siririn zaren nailan mai ƙarfi irin wanda masu ɗinkin takalma suke amfani da shi, ki zaɓi wanda zai iya ratsa hujin dutsen sau biyu ba tare da tilas ba, ki ja shi a kan kakin zuma kafin ki fara don kada ya riƙa harɗewa. Launinsa ya bi na fatar, ba na duwatsun ba, domin a kan fatar yake kwanciya.

Ki kafe igiyar a kan allo ta miƙe sosai, sama da ƙasa. Kowane dutse zaren zai ratsa shi sau biyu: ya bi ta ƙarƙashin igiyoyin ya shiga dutsen, ya zagayo ta saman igiyar ɗaya gefen ya sake komowa ta cikinsa. Kada ki ja da ƙarfi har zaren ya nutse cikin fatar, domin abin zai ƙage ya ƙi naɗuwa. Ki riƙa cire shi daga allon lokaci-lokaci kina lanƙwasa shi a hannunki ki gani. Idan zare ya kusa ƙarewa, ki bar kamar tsawon yatsa, ki fara sabon daga duwatsu uku a baya yana bin sawun tsohon, ki ƙulla su biyun a jikin igiyar ta gefen da zai kalli waje, sannan ki ja bakunan cikin hujin dutsen da ke kusa ki yanke. Ɗigon gam kamar kan allura ya isa a kan ƙullin, kuma ki kiyaye kada ya taɓa fuskar fatar, domin yana barin tabo mai sheƙi.